Riƙo Ba Bauta Ba Ne

'Yan'uwa talakawa, da ku 'yan kasuwar Warra da Yelwa da Shanga, yau ba maganar manya muka zo da ita ba, maganar cikin gidajenmu ce. Muna nufin yaron nan da ke kwana a zaurenka, wanda ba kai ka haife shi ba, da yarinyar nan da ke hura wutar banda a bayan ɗakinki, wadda aka kawo miki riƙo daga ƙauye. Tambaya guda ce za mu yi: yaushe za a sallame su?

Riƙo tsohon abu ne a ƙasar Hausa, kuma abin kirki ne. Ɗa na kowa ne, in ji iyayenmu. Zamanin da fatake ke ƙetare Kwara ta ƙasar Yawuri zuwa Gwanja neman goro, yaro kan shiga hannun madugu yana kora jaki, ya koyi hanya da ciniki, wata rana shi ma ya ɗaura nasa kaya. Ku dubi Alhassan Ɗantata, wanda aka haifa a Bebeji a 1877. Ubansa ya rasu yana ƙarami, uwarsa ta tafi Ankara, sai wata tsohuwar baiwa ta gidansu mai suna Tata ta riƙe shi, ta koya masa tanadi. Sunanta ne ya bi shi har abada. Kafin rasuwarsa a 1955 ana lissafa shi cikin manyan attajiran Afirka ta Yamma. To, ashe ba sai mai dukiya ke iya tsai da ɗan wani da ƙafafunsa ba.

Mu nan bakin ruwa mun fi kowa bukatar wannan al'ada. Da aka fara gina dam na Kainji a 1964, aka gama a 1968, ruwa ya cinye gungu da gonaki, aka tayar da fiye da mutum 40,000 daga mazauninsu. Gungawa da Kambari da sauran mutanen bakin kogi aka kai su sababbin matsugunai. A da, yaro a gindin ubansa ya ke koyon su da noman albasa, ya gaji jirgi da fadama. Tun daga sa'an nan 'yan'uwa suka warwatsu, samari suka dinga gangarowa gari neman abin yi. Sa'an nan ga abin da ya same mu ran 26 ga Mayu, 2021, da jirgin ruwa ya nutse kusa da Warra, fiye da mutum 100 suka halaka ko suka ɓace. Marayun da aka bari, ina suka nufa? Gidajen kawunnai da gwaggwanni da iyayen gida, watau gidajenmu.

To, ga inda gizo ke saƙar. Da yawa cikinmu muna karɓar yaro ba wa'adi, ba shaida, ba maganar abin da za a koya masa. Ya ɗebo ruwa, ya sauke kaya, ya kwashe ruwan jirgi, ya tsare rumfa. Shekara biyar, shekara takwas, gemu ya fito, amma bai san wurin da maigida ke sarin kaya ba, bai taɓa riƙe kuɗin ciniki ya kwana da su ba. Ran da aka yi saɓani, sai a ce ya kama gabansa, ba ko anini. Ita kuwa yarinya, ta yi talla tun tana 'yar ƙanƙanuwa, ran aure a haɗa ta da 'yan kwanoni a ce an yi ƙoƙari. Kaito! Mu da kullum mu ke kukan manya na cin guminmu, yaya za mu koma gida mu ci gumin maraya? Tuwo da tabarma ba lada ba ne.

Ku tambayi Ibo 'yan kasuwar da mu ke hulɗa da su yadda su ke yi da yaransu. Tun ran farko iyayen yaro da maigida kan zauna su yanke shekarun da zai yi. In sun cika, maigida ya ba shi jari ya buɗe nasa shago. Ba mu ce kowa cikinsu ke cika alkawari ba, amma wanda ya saɓa, duk kasuwa ta san ya saɓa, domin da ma an faɗi wa'adi a gaban mutane. Wa'adin nan shi ne abin da mu muka yar.

Saboda haka ga shawararmu, abu huɗu.

Na fari, a yanke wa'adi tun ranar da yaro ya ajiye ƙunshinsa. A kira mai unguwa, ko sarkin kasuwa, ko liman, da wani daga dangin yaron. A rubuta takarda, da boko ko da ajami, kowane ɓangare ya riƙe tasa.

Na biyu, a koya masa sana'ar gaba ɗaya, ba gefenta ba. In kifi ka ke saye, je da shi bakin ruwa ya ga yadda a ke taya giwan ruwa da tarwaɗa, ya san kifin da ya bandu da wanda zai ruɓe a hanya. In albasa ce, ya san lokacin saye da yadda a ke ajiya. A bar shi kuma ya yi karatu, domin wanda bai iya lissafi ba, jarinsa na masu lissafi ne.

Na uku, a ware masa wani abu kowace ranar kasuwa, kome ƙanƙantarsa, a zuba masa adashi da sunansa, ya kuma san nawa ya tara. Haka ita ma yarinya, ribar tallarta kada ta ƙare a kayan ɗaki kaɗai.

Na huɗu, in wa'adi ya cika a sallame shi a bainar jama'a, da jari da albarka, yadda 'yan kasuwa za su san daga yau shi ma mai kansa ne.

Mun san abin da wasu za su ce. Wani zai ce yaran yanzu ba amana, ka ba su kuɗi su gudu. Gaskiya ne ana yi. Amma icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi: ba shi kwando guda ya sayar ya kawo lissafi, in ya cika ka ƙara masa. Yaron da ya san ranar sallamarsa, ya kuma san adashinsa na hannun shaidu, me zai sa ya gudu ya bar nasa? Wanda bai hango kome gabansa ba, shi ke sa hannu a aljihun maigida.

Wani kuma zai ce, ni kaina da ƙyar na ke ci, ina na ga jarin ba wani? To, jari ba kuɗi kaɗai ba ne. Gefen rumfarka jari ne. Buhu biyu bashi jari ne. Ka kama hannunsa ka kai shi wurin dillalinka ka ce, wannan yarona ne, na tsaya masa, wannan ma jari ne babba.

Shi ma yaro da nasa nauyi: gaskiya, da ladabi, da haƙuri har wa'adi ya cika. Wanda ya ci amanar gidan da ya rufa masa asiri, ya toshe ƙofa ga na bayansa.

To, jama'a, kowa ya koma gida daren nan ya kira yaron zaurensa, ya tambaye shi shekara nawa ke nan da zuwansa, me kuma ya iya yi shi kaɗai. In amsar ta ba ka kunya, gobe ka nemi shaidu. Allah ya ba mu ikon cika alkawari.