CV ɗinka ba tarihin rayuwarka ba ne: zare ga masu neman aikin abinci mai gina jiki

1/ Jiya da daddare ƙanwata ta turo min CV ɗinta a WhatsApp, wai "Yaya ki duba min kafin in tura." Aikin mai ba da shawara kan abinci mai gina jiki take nema. Shafi biyar cur. Na karanta har ƙarshe ban ga dalilin da zai sa a kira ta ba. Kuma wallahi yarinyar nan ta iya aiki. Ku biyo ni, zaren na da ɗan tsawo.

2/ Ra'ayina ke nan, wanda zai ji haushi ya yi haƙuri: yawancinmu ba rashin iya aiki ke kayar da mu ba, rashin iya faɗar abin da muka yi ne. An rene mu da cewa yabon kai jahilci. Haka ne a cikin mutane. Amma CV shaida ce kake gabatarwa, in ka yi kawaici a ciki kanka ka cuta.

3/ Me na gani a shafinta na farko? Jiha, ƙaramar hukuma, addini, ranar haihuwa, ba ta da aure, firamaren da ta yi. Sai abubuwan da take sha'awa: karatu da tafiye-tafiye. Na ce mata ke, baiko za a kawo ko aiki kike nema? In ba a cikin sanarwar aka ce a saka ba, duk a cire.

4/ Na taɓa zama cikin masu tantance takardun neman aiki. Ga yadda abin yake: sanarwar aikin na gefe ɗaya, tulin CV na ɗaya gefen. Ana duba abin da aka nema, ana duba ko kana da shi. Ba wanda zai tsaya haƙa har shafi na huɗu. In rabin shafin farko bai yi magana ba, an wuce ka.

5/ To a shafi na huɗu ƙanwata ta binne dukiyarta. Shekarar bautar ƙasa gaba ɗaya ta yi ta a ƙaramin asibitin ƙauye, kowane mako tana zama a layin masu tamowa. Tana auna yara, tana raba abinci, tana cike rajista, tana bin waɗanda suka daina zuwa har gida. Kun san me ta rubuta? "Na taimaka a sashen yara." Shi ke nan fa.

6/ Ga yadda muka gyara, ku ɗauke shi a matsayin misali ku juya da Turanci: "Na auna damtsen yara 'yan wata 6 zuwa 59 da zaren MUAC, kimanin yara kaza a mako. Na tura masu tsananin tamowa da ba sa iya cin abinci zuwa sashen kwantarwa. Na haɗa rahoton wata-wata." Wurin "kaza" ka sa lambarka ta gaskiya, rajistar asibiti na nan, je ka duba.

7/ Me ya sa wannan ya fi? Domin mai karantawa ya san harkar. Ya san ƙasa da santimita 11.5 ja ne, tamowa mai tsanani. Daga 11.5 zuwa ƙasa da 12.5 rawaya ne, matsakaiciya. Ya san ana danna ƙafafun yaro biyu na daƙiƙa uku a ga ko wurin zai lotsa. Da ya ga ka ambaci waɗannan, ya gane hannunka ya taɓa yaro.

8/ In ka yi aiki a shirin da ake kira CMAM ko IMAM, nemo sakamakon cibiyarku. Ma'aunin Sphere ya ce waɗanda suka warke su haura kashi 75 cikin ɗari, masu mutuwa su gaza kashi 10, masu daina zuwa su gaza kashi 15. In cibiyarku ta cika wannan, rubuta. In ba ta cika ba amma kun rage masu guduwa, rubuta yadda kuka yi.

9/ Sannan ku gane bambancin ma'aikaci da mai ba da shawara. Ma'aikaci ana biyansa albashi ya zo kullum. Mai ba da shawara ana ɗaukarsa na kwanaki ko watanni ya miƙa wani abu takamaimai: rahoton bincike, littafin horarwa, horar da ma'aikatan lafiya. Don haka CV ɗinsa dole ya nuna abin da ya taɓa miƙawa, ga wa, a cikin wane lokaci.

10/ Saboda haka karanta takardar sharuɗɗan aikin, wadda suke kira ToR, kamar jarrabawa za ka rubuta a kanta. In sun ce shayarwa da ciyar da ƙananan yara suke so, aikin da ka yi da ƙungiyoyin iyaye mata shi zai hau sama. In bincike suke so, tattara bayanai ne zai hau. CV ɗaya ga aiki goma lalaci ne, ni ma na yi shi, shiru na ji.

11/ Kayan aiki kuma a kira su da sunansu. "Na iya kwamfuta" ba magana ba ce a yau. Ka tattara bayanai da KoboToolbox ko ODK? Ka shigar da rahoto a DHIS2? Ka shiga binciken SMART, ko da a matsayin mai auna tsawo da nauyi? Excel ɗinka ya wuce buga suna? Faɗi wanne, a ina, wace shekara.

12/ Ga wanda ya fi ba ni takaici. Mutum na jin Hausa da Fulatanci ko Barbarci, amma ya ɓoye a ƙasan shafin ƙarshe kamar abin kunya. Alhali aikin nan rabinsa baki ne. Wanda zai iya zama da kaka ya lallashe ta a bar jariri a kan nono zalla har wata shida, ba ruwa ba jiƙo, ya riƙe abin da digiri kaɗai ba ya bayarwa.

13/ Haka sanin abincin gida. In ka koya wa mata haɗa garin Tom Brown, awo shida na hatsi, uku na waken suya, ɗaya na gyaɗa, rubuta shi. In ka nuna musu yadda za su ƙara zogale, ƙwai ko ƙuli-ƙuli a abincin yaro da kuɗin da ke hannunsu, rubuta. Shawarar da ta fi ƙarfin aljihun uwa a takarda take ƙarewa.

14/ Yanzu ɗaya gefen, don kar a ce na ce a yi kuri. Kar ka yi ƙarya. Na ga wanda ya rubuta ya shekara uku a aikin tamowa, aka miƙa masa zaren awo a wurin ganawa, bai san ana neman tsakiyar damtse tsakanin kafaɗa da gwiwar hannu ba. Ramin ƙarya ƙurarre ne, a harkar nan kuwa minti biyu ya isa a kai ƙarshensa.

15/ Kuma ba kunyar ce ta fi damuna ba. A ce ya tsallake an ɗauke shi. Yaron da ya kamata a kwantar a fara masa da madarar F-75, sai a sallame shi da RUTF ya tafi gida alhali ba ya iya ci. Ƙaryar CV a wannan aikin tana iya ƙarewa a maƙabarta. Sayar da shayin rage ƙiba a Instagram ma bai mai da kowa masani ba, kar a saka.

16/ Na san abin da za ku ce: "Anty bar wahalar da kanki, komai sai da hanya." Ban musa ba, akwai wannan, na gani da idona. Amma ko mai hanyar, wanda zai tsaya masa yana buƙatar takardar da zai kare a gaban kwamiti. Kai da ba ka da kowa kuwa, CV ita ce kaɗai za ta shiga ɗakin a madadinka. Ita ce ɓangaren da ke hannunka.

17/ Ga shi kasuwar ta matse. Tun da Amurka ta datse tallafin ƙasashen waje a 2025 har aka rufe USAID, ayyuka da yawa sun tsaya, ƙwararru masu shekaru a fagen sun dawo layi ɗaya da sababbin gama makaranta. A irin wannan lokacin CV ta sakaci ba ta da wurin zama.

18/ Ƙananan abubuwa masu kayar da mutum: shafi biyu sun isa. A tura PDF, ba hoton da aka ɗauka da waya ba. Sunan fayil ya zama sunanka. Adireshin imel na mutunci, ba laƙabin da abokai suka sa maka ba. Aikin baya-bayan nan a sama. Masu tsaya maka su zama waɗanda suka ga aikinka, kuma ka sanar da su tukuna, ba kawunka na Abuja ba.

19/ Wanda bai taɓa aiki ba fa? Kar ka fara da kiran kanka mai ba da shawara, da sauranka. Je asibitin unguwarku ka nemi aikin sa kai. Shiga makon lafiyar mata da yara da ake raba bitamin A. Yi rajista da Nutrition Society of Nigeria. Riƙe ɗan littafi kana rubuta abin da ka yi kowane mako. Ba a fafe gora ranar tafiya.

20/ Duk wanda ya ce ka turo kuɗin fom ko na "tabbatar da suna" kafin aiki, ɗan damfara ne. UNICEF, MSF, Save the Children da ire-irensu ba sa karɓar ko sisi. Duba sanarwar a shafinsu ko a ReliefWeb kafin ka tura takardunka.

21/ CV ɗin ƙanwata yanzu shafi biyu ne. Ba mu ƙara ko kalma ɗaya da ba ta yi ba, na ƙasa kawai muka dawo da shi sama. Da ta karanta sai ta ce "Yaya, ashe duk ni na yi wannan?" Ta tura da safen nan, muna jira. Ku sa ta a addu'a, ku tura wa wanda kuka san yana nema. Allah Ya ba kowa halaliyarsa.