Zaɓen 2021 a Nijar: Fata, Shakku, da Abin da Ya Biyo Baya

Ranar 21 ga watan Fabarairu 2021 ƴan Nijar suka fita zagaye na biyu na zaɓen shugaban ƙasa. Mutum biyu suka kara: Bazum Mohamed na jam'iyyar PNDS Tarayya, da Mahaman Usman na RDR Canji. Bazum ya samu kashi 55 da ɗoriya cikin ɗari, Usman ya samu 44 da ɗoriya. Aka rantsar da Bazum a Yamai ranar 2 ga Afrilu. A garuruwan Tasawa da Mayahi, kamar ko'ina cikin ƙasa, ra'ayi ya rabu biyu. Wasu sun yi murna, wasu kuma suka ce ba a yabon ɗan kuturu sai ya shekara arba'in da yatsa. Wannan bayani zai duba hujjar kowane ɓangare, da abin da ya faru daga baya, domin mai karatu ya san yadda ake auna alkawarin sabon shugaba.

Mene ne ya sa aka yi fata?

Dalili na farko shi ne yadda mulki ya canza hannu. Tun samun ƴancin kai a 1960, ba a taɓa ganin zaɓaɓɓen shugaba ya miƙa mulki ga wani zaɓaɓɓe ba. Sojoji sun kifar da Mahaman Usman a 1996. An kashe Ibrahim Ba'are Mainasara a 1999. Tanja Mamadu ya nemi tazarce a 2009, sojoji suka sauke shi a watan Fabarairu 2010. Isufu Mahamadu ne ya cika wa'adinsa biyu, ya sauka. Mutane da yawa suka ce watakila ƙasa ta rabu da juyin mulki ke nan.

Dalili na biyu shi ne maganar ilimi. Bazum tsohon malamin makaranta ne, ya kuma sa ilimi a gaba cikin jawabinsa na kama aiki. Ya yi alkawarin gina makarantun kwana na ƴan mata. Iyayen karkara sun san amfanin wannan. Yarinya takan gama firamare a ƙauyensu, amma kwaleji yana gari mai nisa. Idan ba a samu amintaccen gida da zai riƙe ta ba, sai a cire ta, a yi mata aure. Binciken ƙasa na 2012 ya nuna cewa kashi 76 cikin ɗari na matan Nijar ana aurar da su kafin su cika shekara 18, kuma jihar Maraɗi ta fi haka.

Dalili na uku shi ne kasuwa. Najeriya ta rufe iyakarta daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, masu wake da masu dabbobi suka ji jiki. Da aka buɗe, aka kuma aza harsashin hanyar jirgin ƙasa daga Kano zuwa Maraɗi a watan Fabarairu 2021, sai manoma suka sa ran kayansu za su yi daraja.

Mene ne ya sa aka yi shakka?

Masu shakka ma suna da hujja. Usman bai amince da sakamakon ba. An yi tarzoma a Yamai, an tsare ƴan adawa, an katse intanet na kwanaki. Ana saura kwana biyu rantsuwa, daren 31 ga Maris, wasu sojoji suka yi yunƙurin juyin mulki, bai yi nasara ba.

Sannan ga rashin tsaro. Ranar 21 ga Maris 2021 ƴan bindiga suka kashe mutum 137 a yankin Tiliya na jihar Tawa. A jihar Maraɗi kanta, gundumomin Madarunfa da Gidan Rumji suna fama da satar shanu da garkuwa da mutane.

Akwai kuma tambayar da ake yi a majalisu da kasuwanni: sabon shugaba ne, ko tsohuwar gwamnati ce ta sake riga? Bazum ya riƙe ministan harkokin waje da na cikin gida a zamanin Isufu. A 2020 bincike ya bankaɗo ɓatan biliyoyin kuɗi wajen sayen kayan soja. Mutane suka ce: wanda ya fito daga cikin gida zai iya hukunta ƴan gida?

Babbar hujjar masu shakka ita ce abin da suka gani da idonsu a baya. Daga 2001 shirin musamman na Shugaba Tanja ya gina azuzuwa da ɗakunan shan magani a ƙauyuka masu yawa, amma wasu sun daɗe babu ma'aikaci, babu magani. A 2005, bayan fari da fara na 2004, yunwa ta addabi jihar Maraɗi, yara suka cika cibiyoyin kula da tamowa, shugaban ƙasa kuwa ya ce babu yunwa. A 2006 aka ce maganin yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta ne, amma gwamnati takan yi jinkirin biyan asibitoci, sai a rubuta wa uwa takarda ta je ta saya. Isufu ya zo da shirin 3N, wato ƴan Nijar su ciyar da ƴan Nijar. An yi ayyuka, amma rumbun talaka bai daina ƙarewa kafin kaka ba.

Mene ne ya faru?

Wani abu ya tabbata daga fatan da aka yi. An buɗe makarantun kwana na ƴan mata a wasu wurare, cikinsu har da garin Kelle na jihar Damagaram. A watan Afrilu 2022 an tsare wani minista mai ci bisa zargin cin kuɗin jama'a, abin da ba a saba gani ba.

Wani abu kuma ya tabbata daga shakkun. A watan Afrilu 2021 gobara ta cinye azuzuwan zana a Yamai, yara kimanin 20 suka rasu. Ranar 8 ga Nuwamba irin wannan ta faru a birnin Maraɗi, yara sama da 20 suka rasu. Gwamnati da kanta ta ƙiyasta cewa akwai azuzuwan zana kimanin 36,000 a ƙasa. Daminar 2021 ba ta yi kyau ba, hatsi ya yi tsada a 2022, mutane sama da miliyan 4 suka buƙaci taimakon cimaka.

Daga ƙarshe abin da aka fi tsoro ya auku. Ranar 26 ga Yuli 2023 dakarun tsaron fadar shugaban ƙasa, ƙarƙashin Janar Abdurahaman Tiani, suka tsare Bazum, suka karɓi mulki. Sun ce taɓarɓarewar tsaro da rashin iya mulki ne dalili. Wasu sun fito tituna suna goyon baya, wasu sun yi tir. Ƙungiyar CEDEAO ta sa takunkumi, aka rufe iyaka, Najeriya ta yanke wutar lantarki, sai a watan Fabarairu 2024 aka ɗage. A watan Afrilu 2024 aka rusa majalisun ƙananan hukumomi, aka naɗa kantomomi. A watan Maris 2025 aka rantsar da Janar Tiani na wa'adin shekara 5, aka kuma rusa jam'iyyun siyasa. Wa'adin shekara 5 da aka ba Bazum bai kai rabi ba. Don haka mai yabo da mai suka duk ba su ga ƙarshen aikin ba.

Yaya za mu auna shugaba?

Darasin shi ne kada fata ya tsaya a kan sunan mutum ko daɗin bakinsa. Gani ya kori ji. Mutumin Korgom ko Kanembakashe ba ya ganin abin da ake yi a ofisoshin Yamai, amma akwai abubuwa huɗu da yake iya ƙidayawa a garinsu.

Na ɗaya, kuɗin tiyar hatsi. A rubuta shi da kaka, a sake rubutawa a watan Yuli da Agusta. Ruwan sama ba ya hannun shugaba. Amma tanadin hatsi a rumbunan gwamnati yana hannunsa, haka ma fito da shi a farashi mai rahusa kafin manomi ya bar gonarsa ya tafi ƙwadago.

Na biyu, makaranta. Aji nawa ne na siminti, nawa ne na zana? Kwana nawa malami ya zo cikin wata? Ana biyan malaman kwantaragi a kan lokaci? Ƴan mata nawa suka shiga kwaleji bara, nawa suka rage bana?

Na uku, ɗakin shan magani. Akwai ma'aikaci a ciki? Maganin zazzaɓin cizon sauro yana nan da damina? Uwa ta biya kuɗin yaronta ko ba ta biya ba?

Na huɗu, ruwan sha. Famfo nawa ke aiki? Idan ya lalace, kwana nawa kafin a gyara?

Abin da ɗaliban yaƙi da jahilci za su iya yi

Alkawari kaya ne, amma wanda ba a rubuta ba yana da saurin ɓata. Kowace cibiya ta ware littafi guda. Duk lokacin da wani babba ya zo gari ya yi alkawari, a rubuta sunansa, da ranar, da abin da ya ce, da lokacin da ya ɗiba. Ƙungiyoyin Mata Masu Dubara, waɗanda suka faro a jihar Maraɗi a 1991, sun daɗe suna riƙe lissafin asusunsu. Haka za a riƙe wannan lissafi.

Bayan kowace kaka a zauna da mai gari, da kwamitin makaranta, da na kiwon lafiya, a karanta littafin a gaban jama'a. Abin da aka cika a yaba. Abin da ba a cika ba a rubuta takarda cikin ladabi, a kai wa hukumar komin, a riƙe kwafe. Wannan aiki ba ya jiran lokacin zaɓe, kuma bai danganta da wanda ke kan kujera ba, farar hula ne ko soja. Ranar da wani sabon shugaba zai zo da nasa alkawura, garin da ke da littafi zai san abin da zai tambaye shi.