ZAƁEN DA BAI KAMMALU BA, DA CINIKIN DA KE BIYO BAYANSA

A wannan wata muna son mu jawo hankalinku ga wani al'amari wanda jama'a ke yawan tattaunawa a kansa a majalisu da bakin kasuwa, tun daga Birnin Kebbi har Argungu, amma kaɗan ne ke tsayawa su bi diddiginsa. Wannan al'amari shi ne abin da shugabannin jam'iyyu ke ƙullawa a tsakaninsu idan an yi zaɓe aka tashi babu wanda ya sami cikakken rinjaye. Talaka yakan yi sammako ya bi layi, rana ta dake shi, ya dangwala yatsa ya koma gida, yana zaton magana ta ƙare. Alhali kuwa sau da yawa daga nan ne ake fara magana, a ɗakunan da ba a gayyace shi ba.

Mu mutanen Kabi mun ɗanɗani wannan abu da bakinmu. A ranar 18 ga Maris 2023 aka yi zaɓen gwamna, Nasir Idris na APC ya sami ƙuri'a 388,258, Aminu Bande na PDP ya sami 342,980. Tazarar da ke tsakaninsu ita ce 45,278, amma masu zaɓen da ke rumfunan da aka soke sun fi wannan adadi yawa, don haka hukumar INEC ta ce zaɓe bai kammalu ba, abin da yaranmu suka laƙaba wa suna inkwankulusib. Sai da aka jira har 15 ga Afrilu aka ƙarasa, Nasir Idris ya yi nasara da 409,225 a kan 360,940. A wannan shekara kuma jama'ar jihar nan suka raba ƙafa da gangan: suka ba APC kujerar gwamna, suka ba PDP kujerun majalisar dattawa guda uku, wato Adamu Aliero a Kabi ta Tsakiya, Yahaya Abdullahi a Kabi ta Arewa, da Garba Musa Maidoki a Kabi ta Kudu. A watan Mayu na 2025 dukkan ukun suka sauya sheƙa zuwa APC, suna kafa hujja da rikicin da ya dabaibaye shugabancin PDP. Biyu daga cikinsu, Aliero da Yahaya Abdullahi, daga APC ɗin ma suka fito a 2022.

Ba mu kawo wannan don mu zagi kowa ba, kuma ba mu da jam'iyyar da muke yi wa kiranye. Tambayarmu guda ce: mutumin Augie ko Kangiwa ko Kamba da ya jefa ƙuri'arsa ƙarƙashin wata alama, wa ya shawarce shi kafin a ɗauki ƙuri'ar nan a kai ta ƙarƙashin wata alamar? Don mu amsa wannan, wajibi ne mu waiwayi tarihi, domin wanda bai san inda aka fito ba, da wuya ya san inda aka dosa.

A zaɓen tarayya na Disamba 1959 majalisar wakilai tana da kujeru 312. Jam'iyyar NPC ta sami 134, NCNC da abokiyar tafiyarta NEPU suka sami 89, AG ta sami 73. Babu wadda za ta iya kafa gwamnati ita kaɗai. Sai NPC da NCNC suka ƙulla ƙawance, Abubakar Tafawa Ɓalewa ya zama Firayim Minista, Nnamdi Azikiwe ya zama shugaban majalisar dattawa, daga baya Gwamna Janar. Shugaban NPC kuwa, Sardauna Ahmadu Bello, ya zauna a Kaduna yana Firimiya. Wannan ƙawance ya karɓi mulkin kai a 1960, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne. Amma an gina shi ne a kan rabon muƙamai, ba a daidaita a kan manyan matsalolin ƙasa ba. Da rikicin ƙidayar jama'a ta 1962 da 1963 ya taso, sai aka ga ashe babu abin da ya ɗaure ɓangarorin biyu. Kafin zaɓen 1964 kowa ya kama gabansa, a ranar 15 ga Janairu 1966 kuma aka wayi gari da kisan shugabanni.

A 1979, lokacin da Argungu da Gwandu suke cikin tsohuwar Jihar Sakkwato, ɗan jiharmu Alhaji Shehu Shagari ya ci zaɓen shugaban ƙasa da kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙuri'u. Doka ta ce sai ɗan takara ya sami rubu'in ƙuri'u a kashi biyu cikin uku na jihohi 19. Shagari ya samu a jihohi 12, a Kano kuma ya tsaya dab da kashi 20 cikin ɗari. Nan aka shiga sanannen lissafin sha biyu da biyu bisa uku, har Kotun Ƙoli ta tabbatar masa da kujera a watan Satumba. To, amma a majalisa NPN ba ta da rinjaye: kujeru 36 cikin 95 a majalisar dattawa, 168 cikin 449 a majalisar wakilai. Sai ta ƙulla yarjejeniya da NPP. Joseph Wayas na NPN ya zama shugaban dattawa, Edwin Ume-Ezeoke na NPP ya zama kakakin wakilai, aka kuma ba NPP wasu kujerun minista. Ba a cika shekara biyu ba, a watan Yuli 1981, yarjejeniyar ta wargaje, kowane ɓangare yana zargin ɗan'uwansa da cin amana. Wasu ministocin NPP suka ajiye aiki, wasu suka zauna, kamar Farfesa Ishaya Audu wanda ya ci gaba da riƙe ma'aikatar harkokin waje har 1983.

Mai karatu zai iya cewa, to ashe ƙin yin ciniki shi ne mafita. A'a, tarihi bai nuna haka ba. A wannan shekara ta 1979 Alhaji Balarabe Musa na PRP ya ci kujerar gwamnan tsohuwar Jihar Kaduna, amma NPN ce ke da kujeru 64 cikin 99 na majalisar jiha. Gwamna ya ƙi sassautawa, majalisa ma ta ƙi. Duk sunayen kwamishinonin da ya aika aka mayar masa da su, jiha ta zauna kusan shekara biyu babu majalisar zartarwa, har aka tsige shi ranar 23 ga Yuni 1981. Ita kanta PRP ta dare gida biyu, Taɓo da Santsi, a kan ko gwamnoninta na Kano da Kaduna za su riƙa zama da gwamnonin UPN da GNPP ba tare da yardar shugaban jam'iyya Malam Aminu Kano ba. Ko mutum yana ganin gaskiyar wannan ɓangare ko ta wancan, abin da ba a musu a kansa shi ne talakan da ya zaɓi PRP don a share masa hawaye ya ƙare yana kallon shugabanninsa suna korar juna daga jam'iyya.

Misali mafi kusa da mu kuwa yana ƙetaren iyaka, wajen 'yan'uwanmu na Dosso da Dogon Dutsi da Maraɗi. A zaɓen Fabrairu 1993 a Jamhuriyar Nijar, jam'iyyar MNSD ta fi kowa kujeru, 29 cikin 83, ɗan takararta Tandja Mamadou kuma shi ya zo na ɗaya a zagayen farko na zaɓen shugaban ƙasa. Sai mafi yawan sauran jam'iyyu suka haɗa kai ƙarƙashin ƙawancen AFC suka raba manyan kujeru uku tun kafin zagaye na biyu. Mahamane Ousmane ya zama shugaban ƙasa, Mahamadou Issoufou Firayim Minista, Moumouni Adamou Djermakoye shugaban majalisa. Abin da ya haɗa su shi ne kada MNSD ta hau. A watan Satumba 1994 saɓani a kan ikon Firayim Minista ya sa Issoufou ya yi murabus, jam'iyyarsa PNDS ta koma wajen MNSD ɗin da aka haɗu don a kayar. Gwamnatin marasa rinjaye da Souley Abdoulaye ya kafa ba ta yi wata guda ba majalisa ta kaɗa mata ƙuri'ar yanke ƙauna. Aka rushe majalisa, aka sake zaɓe a Janairu 1995, 'yan adawa suka sami kujeru 43, Hama Amadou ya zama Firayim Minista. Kusan shekara guda shugaban ƙasa da Firayim Minista suna jayayya har a kan wanda ke da ikon kiran taron ministoci, ma'aikata suna bin bashin albashi. Ranar 27 ga Janairu 1996 Kanar Ibrahim Baré Maïnassara ya kwashe su gaba ɗaya.

Ya ku 'yan'uwa, idan muka jera waɗannan misalai za mu ga cewa sulhu tsakanin jam'iyyu ba laifi ba ne, kai wani lokaci ma dole ne, domin ƙasa ba ta zama babu gwamnati. Aibin yana cikin yadda ake ƙulla shi da abin da ake ƙulla shi a kansa. Mu mutanen Argungu mun san darajar sulhu fiye da kowa. Kabawa da Sakkwatawa sun shafe mafi yawan ƙarni na 19 suna gaba, amma a 1934 Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kawo ziyara Argungu, aka tarbe shi da kamun kifi a Matan Fada a gaban idon jama'a. Sulhun da aka yi da rana tsaka, kowa yana shaida, ya rayu har jikoki suka gaje shi. Na cikin ɗaki kuwa, wanda aka yi a kan rabon kujeru, mun ga yadda yake ƙarewa cikin shekara biyu.

Saboda haka muna ba da shawarwari guda huɗu, kuma muna roƙon duk mai faɗa a ji ya dube su da idon basira.

Na farko, duk yarjejeniyar da jam'iyyu za su ƙulla bayan zaɓe, a rubuta ta, a karanta ta a gidajen rediyo da harshen da jama'a ke ji. Wanda ya ci bashin buhun shinkafa ma akan nemi shaidu, balle wanda zai yi ciniki da ƙuri'ar mutum dubu ɗari. Abin da ake jin kunyar bayyana shi, to lalle akwai lauje cikin naɗi.

Na biyu, a gina ta a kan aiki. Manomin fadamar gulbin Rima bai damu da wanda ya zama minista ba. Damuwarsa ita ce ambaliya irin ta 2020 da ta cinye shinkafarsa dab da girbi, da taki da ke zuwa bayan damina ta yi nisa, da tsaron ƙauyukan kan iyaka, da makarantar da babu malami. Idan shugabanni suka ce sun haɗe don ci gaban jiha, sai su faɗi wane aiki, a wane gari, zuwa wane lokaci, don a sami abin da za a tuhume su da shi.

Na uku, wanda ya ga ba zai iya zama a jam'iyyar da aka zaɓe shi a cikinta ba, abin da ya fi dacewa da mutunci shi ne ya koma wurin masu ƙuri'a ya nemi sabon izini. Sashe na 68 na tsarin mulkin 1999 ya ce ɗan majalisar tarayya da ya sauya jam'iyya ya rasa kujerarsa, sai fa idan jam'iyyar tasa ta rabu ko ta narke cikin wata. Wannan togaciya an sa ta ne don lalura, amma ta zama ƙofar da kowa ke bi, domin babu jam'iyyar da za a rasa rikici a cikinta idan ana nema. Za a ce sake zaɓe yana cin kuɗi. Gaskiya ne, amma tsadar da ta fi wannan ita ce jama'a su yanke ƙauna daga zaɓe baki ɗaya, su ce ko ka jefa ko kada ka jefa duk ɗaya ne.

Na huɗu, shugabancin jam'iyya amana ce ta 'ya'yanta, ba gadon gidan kowa ba ne. Shugaban da aka faɗi zaɓe a hannunsa ya tara 'yan jam'iyya tun daga gunduma ya ba su bayani, idan sun ce ya sauka ya sauka. Wanda aka ci zaɓe a hannunsa kuma kada ya ɗauka cewa haɗiye 'yan adawa shi ne ƙarfi. Gwamnan da ya ci da tazarar dubu arba'in da takwas ya sani cewa mutum fiye da dubu ɗari uku da sittin ba shi suka zaɓa ba, kuma su ma suna da hakkin a sami mai magana da yawunsu. Majalisar da babu mai cewa a'a a cikinta ba ta iya gyara wa mai mulki kuskure, kuma mai mulkin ne farkon wanda zai cutu.

Daga ƙarshe, wani kaso na laifin yana wuyanmu mu masu zaɓe. Wanda ya sayar da ƙuri'arsa a kan taliya da atamfa ba shi da bakin tuhumar wanda ya saya idan ya sake sayar da ita gaba, domin kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski. Tun daga yanzu, duk ɗan takarar da ya zo ƙofar gidanmu, mu tambaye shi a gaban shaidu: idan ba ku sami rinjaye ba, da wa za ku haɗa kai, kuma a kan me? Idan ka bar jam'iyyar nan, za ka dawo mana da kujerarmu? Mu rubuta amsarsa mu ajiye, domin alkawari kaya ne, kuma ranar sauke shi tana zuwa.

Allah Ya ba mu shugabanni masu tsoron hisabi, Ya ba mu ikon zama mabiya masu faɗin gaskiya, Ya zaunar da ƙasarmu da maƙwabtanmu lafiya.