A Daina Raina Masu Karanta Ilimin Zamantakewa Da Harshe

Edita,

Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini domin in ja hankalin iyaye da shugabannin ƙananan hukumomin Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa kan wani abu da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya.

A nan yankin namu, in yaro ya samu gurbi a Jami'ar Bayero aka ji ilimin zamantakewar al'umma aka ba shi, wato Soshiyoloji, ko kuma Hausa, sai ka ji ana yi wa ubansa jaje. Wai me zai ci da shi? Ni kuwa ina ganin babu yankin da ya fi namu bukatar masu wannan karatu, musamman in sun haɗa shi da sanin wani harshe bayan Hausa da Turanci.

Mu duba madatsar ruwa ta Tiga da gwamnatin Audu Bako ta gina tsakanin 1971 da 1974. Injiniyoyi sun yi aikinsu, ruwa ya isa gonakin Kadawa da Kura, Allah Ya saka musu. To amma ƙauyukan da aka tayar fa, yaya zumuncinsu da gadonsu da sarautarsu suka kasance a sabon mazauni? Wannan tambaya ba ta injiniya ba ce. Haka nan dajin Falgore, inda satar shanu ta addabi jama'a a wajen 2015, da matsugunin makiyaya da gwamnatin jiha ta buɗe a dajin Dansoshiya na Kiru a 2020. Gina gidaje da tona rijiya abu ne mai sauƙi. Sanin yadda Bafulatani ke yanke shawarar tashi ko zama, da wanda yake jin maganarsa, da matsayin matarsa a cinikin nono, shi ne mai wuya, kuma ba a samunsa sai da Fulatanci a baki. Ga kuma 'yan uwanmu Kurama a ɓangaren Doguwa masu harshensu na kansu. Jama'a, wa ke rubuta shi?

Kowa ya ji labarin littafin Baba ta Karo da ya fito a 1954. Baturiya Mary Smith ta zauna da wannan tsohuwa a ƙasar Zazzau a 1949 da 1950 tana rubuta maganarta da Hausa. Da a ce ta bakin tafinta ta bi, da Baba ba ta buɗe mata cikinta kan aure da kishi da bauta ba. Baƙuwa ta koyi harshenmu ta fahimce mu, mu kuwa muna jin nauyin koyon na maƙwabcinmu.

Bari in kawo misali daga Turai. Ƙasar Sulobakiya, wadda ta rabu da Cek ranar 1 ga Janairu 1993, mutanenta ba su kai miliyan shida ba, wato jihar Kano ta fi ta yawan jama'a nesa ba kusa ba. Duk da haka a Jami'ar Comenius da ke Bratislava, wadda aka kafa a 1919, ana karanta harshensu har digirin digirgir, ana karanta ilimin zamantakewa, kuma tun 1965 suke gayyatar baƙi kowace shekara su zo su koyi harshen. Ba wanda ke yi wa ubansu jaje.

Mu ma ba kayan aiki muka rasa ba. Tun 1969 aka kafa cibiyar nazarin harsunan Nijeriya a Bayero, ita ce ta fitar da Ƙamusun Hausa a 2006, ta kuma yi aiki kan Fulatanci da Barbarci.

Na san wani zai ce ai digiri don aiki ake yin sa. Gaskiya ne. Amma sashen jin daɗin jama'a na ƙaramar hukuma da makarantun 'ya'yan makiyaya da ayyukan rigakafi duk irin waɗannan ɗalibai suke nema, sai dai a rasa a ɗauko daga birni.

Saboda haka ina kira ga Jami'ar Bayero da ta sauƙaƙa wa ɗalibin Soshiyoloji ya ɗauki darasin Fulatanci ko wani harshen jihar nan, kuma ta riƙa tura 'yan shekarar ƙarshe su yi bincikensu a Riruwai da Falgore da Tiga. Ciyamomi huɗun nan kuma, ko ɗalibi biyu-biyu ne kowannensu ya ɗauki nauyi a shekara, da sharaɗin su dawo gida su yi aiki. Iyaye kuwa a bar yara su karanta abin da Allah Ya ba su.

Allah Ya sa masu abin su ji, amin.

Naka,
Mai kishin karkara,
Tudun Wada, Jihar Kano.