Kafin a Cire Haƙori, a Dubi Saiwarsa

Akwai ciwon haƙori da ke aiki irin na gara: waje lafiya lau, ciki kuwa ana ci. Shi ne zaizayar saiwar haƙori, wato wasu ƙwayoyin jiki su riƙa cinye saiwar da ke binne cikin ƙashin muƙamuƙi. Ga yara, ta haka haƙoran nono ke girgiɗewa su faɗi. Ga haƙoran girma kuwa cuta ce. Daga cikin sanadinta akwai bugu a baki, da ruɓar jijiyar haƙori, da matsin wayar jera haƙora, da haƙorin da ya maƙale yana danne maƙwabcinsa.

Zaizayar iri biyu ce: mai farawa daga ramin jijiya, da mai farawa daga bayan saiwa. Maganinsu ya bambanta. Ta ciki, a kan cire jijiya, a wanke ramin, a cike shi. Ta waje, wani lokaci sai an buɗe dasashi an kankare wurin an toshe. Matsalar ita ce hoton eksire na yau da kullum shafe yake, yana ɗora gaba a kan baya, sai iri biyun su yi kama da juna.

A ƙarshen shekarun 1990 aka ƙera wata na'ura a Italiya da Japan, mai kewaya kan majiyyaci tana ɗaukar hotuna masu yawa, kwamfuta ta haɗa su su nuna tsawo da faɗi da zurfi. Da wannan hoton kewaye likita yake ganin inda ramin yake, da girmansa, da ko ya huda saiwar.

Wa ya fi buƙatarsa a Nima da Maamobi da Old Fadama? Ɗan okada da ya faɗi ta baki, da yaron da aka yi wa gwiwar hannu a filin ƙwallo. Zaizaya kan ɓullo watanni ko shekaru bayan bugun, sau da yawa ba tare da zafi ba. Inshorar lafiya ta Ghana, wadda aka kafa a 2003, tana biyan kuɗin cire haƙori da ƙaramin ciko, shi ya sa talaka ke ganin cirewa ta fi sauƙi. Amma haƙorin girma ba ya sake tsirowa.

Ra'ayina shi ne kada a mai da hoton kewaye na kowa da kowa: ya fi tsada, haskensa kuma ya fi yawa. A ware shi domin inda hoton farko ya bar shakka, a tura mai irin wannan rauni ga ƙwararru, kamar na makarantar likitancin haƙori ta Jami'ar Ghana da ke Korle Bu, kafin a ɗauko awartaki.

Namu aikin ya riga na na'ura. Idan haƙorin girma ya fita ɗungurungum, a riƙe shi ta kansa, kada a goge saiwar, a tsoma shi cikin madara, a kai asibiti kafin awa guda. Saiwar da ta bushe ita zaizaya ta fi kamawa.