Kama da Wane Ba Wane Ba Ne: Ƙadandoniyar Gaɓar Tafkin Kainji

Da zarar ruwan farko ya sauka a ƙasar Yauri, daga Shanga zuwa Yelwa har Wara ta Ngaski, sai ƙadandoniya ta fito daga cikin ƙasa tana jan jiki a gonaki da bakin ruwa. Yawancin waɗanda suka ci karo da ita ba sa yi mata tambaya, takalmi ko dutse ne hukuncinta, domin ana ɗaukarta 'yar'uwar shanshani ce mai dafi. Wannan hukunci na rashin sani ne, kuma makarantun sakandare na yankin su ne ya fi cancanta su gyara shi.

Bambancin halittun biyu a bayyane yake ga wanda ya tsaya ya duba. Jikin kowannensu gaɓa-gaɓa ne, kamar zobba da aka jera. Shanshani yana da ƙafa biyu a kowace gaɓa, jikinsa a baje yake, yana da gudu, kuma a ƙarƙashin kansa akwai ƙayoyi biyu masu dafi da yake kama ƙwari da su. Ita kuwa ƙadandoniya ƙafa huɗu gare ta a yawancin gaɓoɓinta, domin kowace gaɓa asalinta biyu ce suka haɗe. Gaɓar farko da ke bayan kai ba ta da ƙafa, uku da ke biye da ita kuma ƙafa bibbiyu ne da su. Ba ta cizo, ba ta harbi. In an taɓa ta sai ta naɗe kamar gammo, ta fitar da wani ruwa mai wari daga ƙananan ƙofofi da ke gefen jikinta. Ruwan yana rina fata kamar lalle, yana kuma yi wa ido zafi, don haka wanke hannu bayan taɓa ta wajibi ne.

Sai dai raba ta da shanshani matakin farko ne kawai. Masana sun ba wa nau'o'in ƙadandoniya fiye da 12,000 suna a duniya, kowanne da mazauninsa. Akwai ma siririya, Thalassisobates littoralis, wadda ke zaune cikin tsakuwar bakin tekun Bahar Rum da na Ingila. To, da me ake gane nau'i? Launi yana yaudara. Ƙirga ƙafafu ma bai isa ba, domin ɗanta yakan ƙyanƙyashe da ƙafa shida kacal, yana ƙara gaɓoɓi duk lokacin da ya yi saɓa. Sunan da Turawa suka ba ta yana nufin mai ƙafa dubu, amma sai a shekarar 2021 aka bayyana wata a Ostareliya da ta kai hakan, mai ƙafa 1,306. Hujjar da masana suka fi dogara da ita tana jikin namiji. A gaɓarsa ta bakwai ƙafafun tafiya sun rikiɗe sun zama kayan barbara, kuma siffarsu ta bambanta daga nau'i zuwa nau'i kamar yadda haƙoran mabuɗi suka bambanta. Ɗalibin da ya kifar da balagaggen namiji ya duba da gilashin ƙara girma zai ga giɓi a jerin ƙafafun daidai wannan wuri.

Manomi zai iya cewa wannan duk zancen 'yan boko ne, shi dai ya san tana cin gyaɗarsa. Yana da gaskiya ta wani ɓangare. Nau'o'in da ake kira Peridontopyge sanannu ne wajen ɓarna a gonakin gyaɗa na Afirka ta Yamma, suna cin irin da aka shuka, suna huda kwanso tun yana ɗanye. Amma mafi yawan ƙadandoniyoyi abincinsu matattun ganyaye ne da ruɓaɓɓen itace, suna niƙe su suna mayar wa ƙasa taki. Wanda bai iya raba mai ɓarna da mai amfani ba zai zuba magani a kan duka. A gaɓar tafki kuwa maganin ba ya tsayawa inda aka zuba shi. Tun da aka kammala madatsar Kainji a 1968, ruwa yakan hau ya sauka kowace shekara, jama'a suna noma albasa da sauran kayan lambu a dausayin da ya janye ya bari. Abin da aka zuba a wannan fili, ruwa zai dawo ya wanke shi zuwa wurin kifin da Sarkawa da sauran masunta ke kaiwa kasuwar Yauri.

Aikin da ake nema bai fi ƙarfin kowace makaranta ba. Malamin ilimin halittu ya fita da ɗalibansa da sassafe a farkon damina, su ɗaga duwatsu da tarin yayi a bakin ruwa. Su zana abin da suka samu, su ƙirga gaɓoɓi, su raba maza da mata, su rubuta rana da wuri da irin ƙasar. Kaɗan daga ciki a adana su a kwalba cikin sinadarin alkohol mai ƙarfin kashi 70 cikin 100, sauran a mayar da su inda aka ɗauko su. Irin wannan kwalba mai cikakken bayani abu ne da sashen nazarin dabbobi na kowace jami'a zai iya aiki da shi.

Gani ya kori ji. Ɗalibin Shanga da ya taɓa ƙirga ƙafafun ƙadandoniya da idonsa ba zai rikice ba ranar da aka ajiye masa ita a teburin jarrabawa, kuma in ya koma gonar mahaifinsa zai san wadda za a yaƙa da wadda za a bari ta yi aikinta.