Ra'ayinmu: 'Yanci Ba Ya Cika Sai Da Abin Yi

A shekarar 1996 aka sayar da Hadijatu Mani a ƙasar Nijar kan kuɗi sefa 240,000, tana 'yar shekara 12. Wanda ya saye ta ya riƙe ta a matsayin wahaya, wato baiwar da ake ajiyewa bayan mata huɗu, ba sadaki, ba haƙƙin aure. Ya ba ta takardar 'yanci a 2005, amma da ta auri wanda take so sai aka ɗaure ta, wai ta yi aure kan aure. Ƙungiyar Timidria ce ta tsaya mata har gaban kotun ECOWAS, wadda a 2008 ta ce gwamnatin Nijar ta kasa kare ta, ta kuma umarci a biya ta diyyar sefa miliyan 10.

Abin lura a nan shi ne, tun 2003 Nijar ta yi dokar hukunta masu bautar da mutane. Amma doka ba ta tashi da ƙafarta. Sai da aka sami masu zuciya suka riƙe hannun wannan baiwar Allah.

Kada mu ce abin ya yi mana nisa. A 2017 duniya ta ga hotunan yadda ake gwanjon 'yan Afirka a Libiya, kuma tun daga lokacin an dawo da dubban 'yan Nijeriya gida, da yawa ba su da ko sisi. A nan kudu ma, yara nawa ake ɗauko wa daga ƙauye da sunan aikatau, su yi shekaru suna wanke-wanke, ba makaranta, kuɗin kuma wani ke karɓewa?

Gwamnati ta kafa hukumar NAPTIP a 2003, kuma tana da gidajen ajiye waɗanda aka ceto. To, amma zaman can na ɗan lokaci ne. Wanda ya fito ba jari, ba sana'a, dangi kuma suna gudunsa, dillalin da ya yaudare shi jiya shi zai sake samunsa gobe.

Saboda haka muna kira ga sarakunan Hausawa na Agege da Idi-Araba da Sabon Ibadan, da limamai, da shugabannin 'yan kasuwa, su kafa asusu na musamman. 'Yanta bayi yana cikin hanyoyi takwas da Musulunci ya ware wa zakka. Keken ɗinki, ko kuɗin makaranta, ko gurbi a rumfar kasuwa, ya isa ya tsayar da mutum da ƙafarsa. Wanda ya ga ana cutar yaro ya kai ƙara, ya daina cewa ba ruwansa. Macen da ta dawo kuma a daina yi mata gori.

Kafin nan, kowane maigida ya fara da gidansa: yarinyar da ke masa aiki, wa ke karɓar ladanta?

Allah ya sa mu gane.